Tabon da ke Bayan Kunnen Kabiru

Kabiru, wannan ɓangaren naka ne, amma ina so a karanta shi 'yan'uwanka na zaune, har da matan. Tun kuna ƙanana kuke jin ana kiran baƙin ɗigon nan na bayan kunnenka na hagu "tabon Baba Tanimu", kun tashi kuna faɗarsa kamar yadda ake faɗar sunan unguwa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko haka ne. Mutumin ya daɗe a kabari, ba shi da bakin kare kansa, kuma ko da yana raye bai kare ba. Ni ne na ga abin daga kusa fiye da kowa. Zan faɗa yadda na gani, inda na yi shakka zan ce na yi shakka. Allah ya yafe mini in na ƙara ko na rage.

Kun san halin ubanku, ba sai na ɓoye ba. Ni mutum ne mai waswasi, da shi na tashi. In na rufe shagon ɗinki sai na yi nisa in dawo in taɓa kwaɗon. In na auna mutum sai ya kai bakin ƙofa in kira shi in sake aunawa, har abokan sana'a suka sa mini suna Malam Sake. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da nake sha wajen tsarki. In na yi alwala na shafi kai, sai wani abu ya ce mini ruwan a kan gashi ya tsaya. In na yi wanka na fito na sa riga, sai ya ce akwai wani wuri a tsakar kai da ruwa bai kai tushen gashi ba, in tuɓe in koma. Malamai sun gaya mini shafa ta wadatar, sun ce aikin Shaiɗan ne, sun ba ni abin karantawa, na karanta, kuma na yarda da su. Zuciyar ce ba ta jin karatu. Abu ɗaya ne ya taɓa rufe bakin muryar nan, ita ce aska.

Baba Tanimu shi ne wanzamin gidanmu a Ruwan Godiya. Ubansa ne ya yi wa kakanku askin suna, shi kuma ya yi mini nawa tun yana saurayi. Gidansu da gidanmu haka suka taso, ba a tambayar wa za a kira, kamar yadda ba a tambayar ina gabas take. Ran Juma'a da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar bayan masallaci, ya kwance zabira, ya jera askake a kan ƙyalle, ga ƙoƙon ruwa, ga ɗan dunƙulen sabulun salo. Mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, shi kuma ya durƙusa ta baya. Zai jiƙa kan, ya murza da tafin hannu har gashin ya yi laushi, sannan ya ja askar a kan fata, sama da ƙasa, ya ƙarasa a tafin hannunsa. In na fara zamewa ina tambayarsa ko ya sa ta a ruwan zafi bayan wanda ya tashi, sai ya nuna mini tukunyar da ke kan garwashi, ya dafa mini ƙeya ya ce:

"Isiyaku, aje kan nan. Yanzu ba naka ba ne, nawa ne. In na gama na maido maka."

Ina rantsuwa, da ya faɗi haka sai in ji kamar an sauke mini dami. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ku da kuka tashi da inji. Inji kuka yake yi a kunne, yana rawa, kai ma kana iya motsi, kana iya magana, kana iya tunanin duniya. Aska ba ta yarda da haka. Dole ka tsaya cak, kuma tun da wuyanka na hannun wani, babu abin da dubawarka za ta gyara. A nan kaɗai nake samun hutu. Sai in ji sautinta, shar, shar, kamar ana share tsakar gida daga nesa. In ji kurciya a saman tsamiya, in ji daka daga cikin gari, shanu na wucewa ƙasan hanya. Idona a rufe, ba barci ba kuma ba farke ba, sai in ga mahaifiyata tana sheƙar dawa, ƙaiƙayi na tashi cikin rana kamar hayaƙi. In ga rafin bayan gari ya cika da damina, ina tsaye a bakinsa ban ji tsoro ba. Wata rana har gonarmu ta tudu nakan gani ta tashi sama a hankali da karan dawarta, ni kuma ina zaune a tsakiya. Kowane ja na aska, iska ta sauka a sabon wuri, sanyi ya bi layin da ta bari. Kafin ya iso gaban goshi na manta ko na rufe shago.

In ya gama ya watsa mini ruwa, nakan ji kowane ɗigo inda ya sauka. Wannan shi ne babban amfanin aska a wurina, tana kai mutum ga fatarsa. Ranar da aka yi mini aski, muryar nan ba ta da abin cewa, don ruwa ya taɓa ni kuma na ji. Sauran amfanin kowa ya san su a lokacin. Kai ya yi sakayau, ciwon kan zafi ya sauka, ƙwarƙwata ba ta da maɓoya, ƙeya ba ta yin ƙuraje. In makero zai fito wa yaro, wanzami ne ke fara gani tun yana kamar ƙwayar gero, ya raɗa wa uban a kunne. Ba ya faɗa a gaban mutane. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shekarar da aka haife ka, Kabiru, hannun Baba Tanimu ya fara rawa. Da fari a ludayi aka gani, in yana shan koko sai ya zuba a gemu. Bai yanki kowa ba, ina so a san wannan, amma mutane suka fara janyewa. Wannan ya ce yana sauri, wancan ya ce gashin bai taru ba. A daidai lokacin wani saurayi ya kafa rumfa a bakin titi da janareto da inji da babban madubi, Juma'ar gari ta koma can. Tsamiya ta zama daga ni sai tsofaffi kaɗan, su ma suka ragu. Kafin damina ta faɗi ɗansa Sule, da ke noma a Sabuwa, ya zo ya ɗauke shi. Na je rumfar bakin titi, ban ce yaron bai iya ba, ya iya. Amma inji yana barin tushe kamar gonar da aka girbe, in na shafa in ji kaushi, muryar nan ta dawo da ƙarfinta. Daminar nan na ƙarar da ruwan randa har uwarku ta fara ɓoye mini buta.

An haife ka dawa na fitar da kai. Kakarku Hajiya Asabe, mahaifiyar uwarku, ta taho daga Kankara don wankan jego. Mace ce mai kirki da tsafta, Allah ya jiƙanta, kada wanda ya karanta wannan ya riƙe ta da komai. Ta riga ta binne jikoki biyu a wani gidan, tsoronta na gaskiya ne. Ina zaure na ji an ta da maganar askin suna, muryarta na fitowa ta kan katanga:

"Wane Tanimu? Wanda aka ce ko ludayi ba ya riƙewa? Kan jariri fa kamar ƙwai yake. Ni a gabana ba za a yi ba."

Yayana Bala, da muke gida ɗaya, ya same ni a kan keken ɗinki.

"Kai da ko allura ta faɗi ba ka barci sai ka gano ta, kai ne za ka miƙa ɗanka ga mai karkarwa? Akwai wanzami a Faskari, yaro ne, hannunsa ƙalau. A aika masa."

Na shiga duba ku, kai da uwarku. Tana kallon bango ta ce:

"Malam, ni dai ina tsoro. Amma ɗanka ne."

Ni ma ina tsoro, na fi su duka. Na zauna na ɗinka hannun riga a wuya na farke. In na rufe ido in ga aska ta zame, in na buɗe in ga Baba Tanimu zaune a Sabuwa labari ya iske shi cewa an yi haihuwa gidan Isiyaku an kira wani. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. In gidan da ubanka ya yi wa aski ya tsallake ka kana raye, an gaya wa duniya ka ƙare. Kowanne na ɗauka sai in ji nauyinsa ya fi ɗayan. A ƙarshe na ce tun da tunani ba zai raba ba, bari in kai nawa kan. In ya yanke ni, shi ke nan, na samu amsa a jikina ba a jikinka ba.

Na shiga mota ta Funtuwa da Dandume. Hanyar duk kore ce, gero an fara yanka, dawa na tsaye, gajimare na tafiya ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa duwatsu. Na iske shi a ƙofar gidan Sule, zaune kan buzu, hannayensa a cinya suna ta motsi su kaɗai kamar yana kaɗa wani kiɗa da ba a ji. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa an samu ƙaruwa, namiji. Ya yi addu'a. Sai na cire hula na ce gashina ya taru. Ya dube ni, ya dubi kan, ya yi dariya har da tari.

"Wanga gashi ko sati biyu bai yi ba. Aski ka zo, ko gwajin tsoho?"

Ban iya ƙarya ba, ko na yi sai ta hana ni sukuni. Na ce:

"Duka biyun, Baba."

"To madalla. Gara kai ka faɗa. Sule, ɗauko zabira, a ɗora ruwa."

Na zauna, ina jin ƙarar askar tana bugun ƙoƙo don rawar hannu. Na yi kalmar shahada a zuci, ba na jin kunyar faɗa. Ya ja ta a fata, ya dafa ƙeyata da hannun hagu, har a wuyana ina jin karkarwar. Sai ƙarfen ya sauka a fatar kaina, rawar ta ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Shar, shar, yadda na san ta tun ina yaro. Ya ce daga bayana:

"Hannun nan tsohon jaki ne. In ba kaya a bayansa sai rawar ƙafa. Aza mishi kaya ka gani."

Ban san lokacin da na tafi ba. Na ga tsamiya, na ga mahaifiyata, na ga wani jariri kwance a cikin ƙwarya yana bin ruwa a hankali, ba ya kuka. Da ya watsa mini ruwa na shafa kai ko'ina, na duba tafin hannu, na sake shafawa. Babu ko ƙwarzane. Na ce masa ranar suna zan aiko a ɗauke shi. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar suna, bayan an raɗa an watse cin abinci, ya shigo tsakar gida Sule na riƙe da zabira. Mata sun cika rumfa. Al'ada ita ce tsohuwa ta riƙe jariri, amma Hajiya ta shige ɗaki ta ce hannunta ba ya ciki, ungozoma ta ce ita ma bayanta na ciwo. Aka yi tsaye ana kallon juna, tsohon na durƙushe da askarsa tana rawa a gaban kowa. Sai na ji bakina ya ce a miƙo shi. Uba ya zauna cikin mata ya rungumi ɗan kwana bakwai, ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na ji 'yan dariya, na ji wata ta ce yau Malam Sake ya zama ungozoma. Na zauna kan tabarma da farar rigata, aka ɗora ka a cinyata. Ba ka fi tulun man shanu nauyi ba. Na ce masa aski kaɗai, ban da cire beli ko tsaga, ya ce ya sani.

Ya jiƙa kanka da ruwan ɗumi. Askar ta sauka, rawar ta tsaya. Gashinka baƙi ne mai santsi, yana faɗowa kan ƙyalle kamar gashin ɗan tsako. Ko motsi ba ka yi ba, barci kake, bakinka na tsotson iska. Idona bai bar bakin ƙarfen ba. Da ya zo bayan kunnen hagu na ga ya rage sauri, ya karkata askar ya kewaye wani wuri, kamar yadda mai huɗa ke kewaye kututture. Da gashin ya faɗi sai ga ɗigo, kamar ƙwayar wake, ja-ja baƙi-baƙi, ya ɗan taso. Wata daga cikin matan ta leƙo ta saka salati.

"Ya yanke shi! Wayyo, ga jini nan ya daskare!"

Ihun ne ya tashe ka, ka tsala kuka. Hajiya ta fito da gudu ta fizge ka daga hannuna, aka rufe ka da zane, wannan na cewa a kawo man kaɗanya, waccan na cewa ai an faɗa. Ina ta cewa ban ga jini ba, muryata ba ta wuce gemuna. Baba Tanimu ya goge askar, ya naɗe ta. Ya ɗaga kai ya dube ni, ba fuskata ba, hulata ya kalla, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dubi inda Hajiya take, ya sunkuyar da kai. Hannun ya koma rawarsa. Ya tashi ya fita, rabon wanzami na naman suna yana ajiye a akushi bai ɗauka ba. Na bi shi har bakin mota da akushin, ya ce in mayar, Allah ya raya.

Abin da ya biyo baya kun ji wani ɓangarensa. Hajiya ta ce ba za ta ƙarasa wankan a gidan da ba a jin maganarta ba, ta tafi da ku Kankara, kai da uwarka, ba ku dawo ba sai da aka gama sussuka. Ita kuwa ba ta sake kwana a gidana ba har ta rasu, ko da yake muna gaisawa da mutunci. Labari ya kai kasuwa, ya kai Sabuwa, ko tsofaffin da ke kai wa Baba Tanimu kai a can suka daina. Ni kuma na shiga abin da na fi tsoro. Mata da yawa sun ce sun ga jini, ni kaɗai na ce ban gani ba, kuma ni ne mutumin da ba ya yarda ya rufe ƙofar da ya rufe. Na ɗauko farar rigar na shimfiɗa a rana ina bi da ido. A hannun riga na sami ɗan ja. Na san na ci goro ranar, na san goro ne. Amma in na ninke ta sai muryar ta ce, ka tabbata? Rigar nan ban sake sa ta ba, ban kuma bari an wanke ba.

Da aka kai amfanin gona gida na koma Sabuwa. Ya rame. Ban ta da maganar ba, na cire hula kawai na zauna. Sule ya ce zabirar tana rataye tun ranar, Baba ya ce a sauko da ita. Yana cikin aski, ina tsakanin barci da farke, sai na ji askar ta rage sauri a bayan kunnena na hagu, ta karkata, ta kewaya. Na san wannan kewayen. Duk rayuwata ina jin sa, na ɗauka haka ake askin wurin. Na buɗe ido. Ya kama ɗan yatsana ya kai shi wurin, ya danna. Wani ɗan tudu, kamar ƙwayar wake. Na sha taɓa shi wajen wanka, ban taɓa kawo komai ba, ido kuma ba ya ganin bayan kunne.

"Tawadar Allah ce. Ran sunanka na fara ganin ta. Ubanka ma da ita ya tafi, nan daidai, kuma shi ba ni na yi mishi askin fari ba, babana ne. Ɗanka gado ya ɗauko."

Na juyo, har ya janye askar da sauri. Na ce:

"Baba, don me ba ka faɗa ba? Kalma ɗaya fa!"

"In ce mi? In tuɓe maka hula gaban surukarka, cikin mata, in ce ku zo ku duba bayan kunnen maigida? Isiyaku, mu abin da aska ta gani ƙarƙashin hula, cikin zabira yake kwana. Na san mai sanƙo, na san mai tabon duka, na san wanda aka yi wa ƙaho don abin da ba ya so a sani. In na buɗe naka yau don in tsira, gobe wa zai aje kai gabana ya rufe ido? Juya in ƙarasa, sabulu na bushewa."

Na juya. Ranar ban ga tsamiya ba, ban ga kowa ba, ruwa kawai nake ji yana bin fuskata, wani na ƙoƙo wani nawa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Da kuka dawo daga Kankara na shiga ɗaki na cire hula na durƙusa na nuna wa uwarku. Ta leƙa, ta ce:

"Ai na san da shi tun ina amarya. Shi ya sa na ce maka ina tsoro. Wanda ya yanki uba a nan, ga shi ya yanki ɗa a nan. Hannunsa ne ke zamewa a wurin."

Na ce kakanku ma yana da shi. Ta ce wa ya gani? Kakanku ya rasu, shaidar kuwa shi ne wanda ake zargi. Na gaya wa Yaya Bala, ya ce shi bai taɓa leƙa bayan kunnen mahaifinmu ba, kuma in bar wahalar da kaina. Na gaya wa mutanen bakin shago, suka ce Malam Sake ya samo sabon abin dubawa. Mutum in an san shi da shakka, ranar da ya zo da yaƙini ba mai saye. Gashi ya rufe wurin, sunan ya zauna. Abin da ya rage mini shi ne in riƙa kai masa kaina, kuma na yi ta kaiwa, duk sa'ad da gashi ya taru in shiga motar Sabuwa, uwarku na cewa aski dai har wata ƙaramar hukuma. Ni kaɗai ne kan da ya rage masa har Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa yankana ba. Bayan nan hanya ta lalace, muka taso muka dawo Kankara, sauran kun sani.

Abin da ya sa na ɗauki biro yanzu shi ne sunan ɗanka da aka yi watan jiya. Kana waje da baƙi, ba ka ga wannan ba, kuma na kasa gaya maka da baki. Wanzamin unguwa kuka kira, yaro ne da bai taɓa jin sunan Baba Tanimu ba, ya ɓare sabuwar aska daga takarda a gaban kowa. Uwarku ce ta riƙe jaririn, yanzu ita ce tsohuwar. Ni ina tsaye bakin ƙofa, na ce zan shiga ne in ɗauki buta. Yaron ya yi ta aski, hannunsa ƙalau. Da ya zo bayan kunnen hagu ya tsaya, ya karkata askar, ya kewaya. Gashin ya faɗi.

Uwarku ta sunkuya. Ta lashi babban yatsanta ta goga wurin. Ta duba yatsan. Ta sake gogawa a hankali. Jaririn na barcinsa. Ta daɗe a haka, matan na ta hira ba su lura ba. Sannan ta ɗago, ba ta nemi kowa ba sai ni, kamar ta san ina nan. Ban san lokacin da na cire hula ba, a gaban surukai da 'ya'yan maƙwabta, ina riƙe da ita a hannu kamar mai roƙo.

"Malam," ta ce, "Sule na nan da rai?"

Na ce yana nan, a Sabuwa.

"A ware rabon wanzami kashi biyu. Ɗaya na wannan yaron. Ɗayan a soya a sa a mota."

Ta mayar da kai kan jaririn, ta ja masa hula. Da la'asar na ga ta buɗe akwatina ta ciro farar rigar nan, ta jiƙa ta a baho. Ban hana ta ba.

To, Kabiru, ka kai hannu bayan kunnenka. Abin da ka ji nawa ne, na kakanka ne, yanzu kuma na ɗanka. Ba na Baba Tanimu ba ne, shi kewaye shi kawai ya yi. Ku sake masa suna, in kuma kun saba har ba ku iya bari, to in kun faɗa ku bi da addu'a. Naman ya isa, Sule ya aiko da godiya, ya ce ya raba wa jikokin tsohon. Ranar da saƙon ya zo na yi alwalar magariba, na shafi kai, gashi ya ma taru, na aje buta na tafi masallaci ban waiwaya ba.